Damben robot: Ɗan ƙarfen da bai kai fensir kauri ba ke raba gardama

Ku ɗauka ga wani akwati na roba mai kauri da ake hango cikinsa kamar gilashi, girmansa ya kai ƙaramin shago. A ciki akwai na'urori biyu, kowace ba ta fi kwanon tuwo girma ba, nauyinta kuma bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Ɗaya tana da faifan ƙarfe mai haƙora a gaba, yana juyawa har ido ba ya ganinsa, sai dai kunne ya ji ƙugi. Ɗayar ba ta da makami mai juyawa, goshi gare ta mai gangare kamar shebur, aikinta ta shiga ƙarƙashin abokiyar karawa ta tura ta bango. Masu su suna tsaye a waje, kowa da rimot a hannu.

Aka ba da izini, suka yi karo, tartsatsi ya tashi. Mai shebur ta yi sama, ta daki rufin akwatin, ta faɗo. Ka dube ta lafiya ƙalau, ko tsaga babu a jikinta. Amma da mai ita ya tura ta gaba, sai ta kama zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke. Alƙali ya fara ƙirge, ya kai goma, wasa ya tashi.

Irin wannan ƙarshe na gan shi ya fi a ƙirga a bidiyoyin damben robot, domin tun ina ajin ƙarshe na sakandare nake ƙona data a kansu. Da farko ina ɗauka wanda ya fi mugun makami shi ke cin wasa. Sai daga baya na lura da abin da doka ta ce: a yawancin gasanni minti uku ake yi, kuma duk robot ɗin da ya kasa nuna cewa mai shi na iya tuƙa shi har aka ƙirga goma, ya faɗi. Kamar dai a dambenmu ne, 'yan kallo hannu suke yi wa kirari, amma da zarar ƙafa ta saki gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi kisa. Ƙafar robot taya ce, tayar kuma tana juyawa ne a kan wata 'yar sandar ƙarfe da makanikai ke kira shaf. Ita ce ta lanƙwashe a wancan wasan.

Inda wasan ya samo asali

Mun saba kiran robot da mutum-mutumi, amma waɗannan ko kusa ba su yi kama da mutum ba, kuma ba da kansu suke faɗa ba, mutum ke tuƙa su. Wani Ba'amurke mai suna Marc Thorpe ne ya shirya gasar farko mai suna Robot Wars a birnin San Francisco a 1994. A 1998 BBC ta mai da ita shirin talabijin a Ingila. A Amurka kuma shirin BattleBots ya fara fitowa a talabijin a 2000, ya tsaya, sannan ya dawo a 2015. A can manya ne ke karawa, masu nauyin da ya kai kilo 113, wato buhun siminti biyu da ɗori. Wanda ya taɓa kallo ba zai manta da Tombstone na Ray Billings ba, mai wulwula doguwar sandar ƙarfe a kwance, wanda ya ci kofin 2016. Akwai kuma Minotaur na ƙungiyar RioBotz, wadda ɗalibai da malaminsu Marco Meggiolaro suka kafa a wata jami'a a Rio de Janeiro ta ƙasar Brazil.

Amma yawancin masu wannan wasa ba sa fitowa a talabijin. Ƙanana suke ƙerawa a kan teburin gida, da kuɗin aljihunsu. A Ingila akwai ajin da suka sa wa sunan tururuwa, giram 150 kacal, da ajin buzuzu mai kilo 1.5. A Amurka buzuzun ya ɗan fi sauƙi, kilo 1.36 ne, kuma gasar NHRL da aka fara a garin Norwalk na jihar Connecticut ta yi suna a wannan aji. Kafin a shiga fage sai an ɗora kowane robot a kan sikeli, kamar 'yan damben zamani. In ka haura, ba ka shiga. Wannan doka ce ta sa kowane giram ya zama abin lissafi: abin da ka ba moto, ka rage wa sulke, abin da ka ba sulke, ka rage wa makami.

Moton da ba shi da burushi

Moto nake nufi, ba mota ba: injin nan da ke karɓar wutar lantarki ya mai da ita juyi, irin na cikin fanka da injin markaɗe na lantarki. In kun taɓa farke motar wasan yara kun ga irin na da. A tsakiyarsa akwai naɗin wayar tagulla, wato kwayil, shi ke juyawa, maganaɗisu kuma na tsaye a gefe. To ta yaya za a kai wuta ga abin da ke juyawa ba tare da waya ta nannaɗe ba? Sai aka sa wasu 'yan guntaye biyu, galibi na baƙin abu irin na bakin fensir, suna gogar wani zoben tagulla mai tsage-tsage. Su ne burushi. Duk wanda ya taɓa zama wurin mai gyaran janareto ya ji ana cewa burushi ya cinye. Gogayya na kawo zafi da tartsatsi, tana cin wuta a banza, kuma in moto ya sha duka burushin na iya karyewa.

Moto marar burushi ya juya tsarin ne. Kwayil ya tsaya cik, maganaɗisu ke juyawa. A irin da masu robot suka fi amfani da shi, an manna maganaɗisun a cikin wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke zagaya kwayil ɗin ta waje. Tunda kwayil ba ya motsi, ba a bukatar burushi. Wayoyi uku ne ke fitowa daga jikinsa, suna shiga wani ɗan allon lantarki da ake taƙaita sunansa da ESC. Shi wannan allo yana ba rukunin kwayil uku wuta bi da bi, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, maganaɗisun na bin inda wutar ta koma, kamar ka riƙe wa jaki harawa a gaban hanci kana ja da baya. Fankar cikin kwamfuta irin wannan moto gare ta, haka ma babura masu aiki da caji.

Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1962 injiniyoyi suka bayyana ta. Maganaɗisu mai ƙarfi na neodimiyom ya zo a shekarun 1980. Amma abin da ya kawo wa masu robot shi cikin araha shi ne jirage marasa matuƙi, irin waɗanda masu ɗaukar bidiyon biki ke tayarwa. Da aka shiga ƙera motocinsu da miliyoyi, sai farashi ya faɗi. Masu damben robot suka fara sa shi a makami, daga baya suka ce me zai hana a sa shi a taya, tunda ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba in aka kwatanta da nauyinsa.

A nan aka gamu da matsala ta farko. ESC na jirgi ba shi da idon ganin inda maganaɗisu yake. Dabararsa ita ce, duk moton da ke juyawa yana zama ɗan ƙaramin janareto, don haka sai ya ba waya biyu wuta, ya kasa kunne a ta uku, ya gane inda aka kai. In moto na tsaye kuwa, babu abin da zai ji, sai ya yi ta lalube. Ga farfelar jirgi wannan ba komai ba ne, iska kawai take turawa. Robot kuwa yakan kafe goshi da goshi da abokin karawa, taya ba ta motsi, a daidai lokacin da ake bukatar ƙarfi. Sai ka ga moto na in'ina, yana karkarwa a wuri ɗaya. Masu ƙira sun rage wannan ciwo ta hanyar sauya manhajar da ke cikin ESC, irin su SimonK da BLHeli da AM32, wadda kuma ke ba moto damar komawa da baya. Wasu kan sayi moto mai 'yan na'urorin jin maganaɗisu a ciki. Amma babban magani shi ne giya.

Ga lissafin, ku ɗauko biro. A jikin moto za ku ga lamba kamar 2300KV. Ma'anarta, kowane bolt ɗaya na batir zai ba da juyi kusan 2,300 a minti ɗaya in babu kaya a kai. Batirin litiyom mai ɗaki uku yana ba da bolt 11.1, wato juyi kusan 25,500 a minti. In ka ɗaura taya mai faɗin santimita 5 kai tsaye, a takarda robot ɗinka zai yi gudun kilomita 240 a awa, a cikin akwatin da bai fi taku uku ba. Sai a sa akwatin giya mai rage gudu, misali sau 20. Gudu ya dawo kilomita 12 a awa, ƙarfin murɗa taya ya ninka kusan sau 20, kuma ko robot na tafiyar hawainiya moton na juyawa da saurin da ESC zai iya ji.

Yadda na koya da kuɗin garau-garau

A shekarata ta biyu a jami'a, ni da abokin ɗakina muka sayi mataccen jirgi marar matuƙi wurin wani mai gyara a kasuwa, muka cire motoci biyu. Muka yi odar akwatunan giya ƙanana ta intanet da kuɗin da ya kamata ya tafi a garau-garau, muka jira mako uku. Jiki muka yanka daga katakon roba na yankan albasa. Ba mu sa makami ba, domin faifai mai juyawa ba a gwada shi sai a cikin rufaffen akwati, kuma mu ba mu da shi. Ko batirin ma sai da muka karanta yadda ake cajinsa, don irinsa in ya huje yana kamawa da wuta.

Shaf ɗin da ke fitowa daga giyar milimita 4 ne. Da na zo ɗaura taya sai na ga tana gogar jiki, sai na matsar da ita can bakin shaf ɗin, na bar fili kamar faɗin yatsa. A raina na yi dabara. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Muka ajiye shi a ƙasa, na danna rimot har ƙarshe, ya zabura kamar an tsikare shi, tayar hagu ta daki ƙafar gadon ƙarfe. Ko daƙiƙa biyar bai yi a duniya ba. Daga nan ya koma ɗingishi. Abokina ya yi dariya har da hawaye, ni kuwa na kwana ina tunanin yadda ƙafar gado ta ci mu wasa ba tare da ta motsa ba.

Abin da ke karya shaf

Wahala iri biyu shaf ke sha. Akwai murɗawa, wadda moto ke yi masa ta giya, musamman in direba ya koma da baya farat ɗaya yana cikin gudu. Akwai kuma lanƙwasawa, wadda ke zuwa daga duka. Ta biyun ce ta fi kisa. Moto marar burushi ya ƙara ta ta fuska biyu: makamai sun ƙara gudu, robot ɗin da kansa ya ƙara gudu. Kun san daga darasin Fiziks cewa in gudu ya ninka biyu, kuzarin da ke cikin abu ninkawa yake huɗu. Kuma mai dukan ma bai tsira ba, domin dokar Newton ta uku ta ce gwargwadon yadda ka daki abu haka shi ma ya dake ka. Shi ya sa za ku ga robot ya kai naushi, shi ma ya yi tsalle ya faɗo a kan tayarsa.

Kuskurena na barin fili yana da bayani a wurin mai faci. Ku lura da shi in notin tayar mota ya ƙi kwancewa: sai ya zura dogon bututu a hannun sufana ya hau kai. Nauyinsa bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Ƙarfi sau nisa, abin da malaminku ke rubutawa a allo ke nan. Shaf na riƙe ne a cikin boris a bakin akwatin giya. Duk milimitar da ka matsar da taya daga boris, ka ƙara wa duka tsawon bututu. In nisan ya ninka biyu, wahalar da gindin shaf ke sha ta ninka biyu. Ni da hannuna na miƙa wa ƙafar gado bututun.

Lissafin kauri shi ya fi ba ni mamaki. Ƙarfin sanda wajen jure lanƙwasawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinta, yana bin kaurin ne in an ninka shi da kansa sau uku. Shaf mai milimita 4: 4 sau 4 sau 4, 64. Mai milimita 6: 6 sau 6 sau 6, 216. Ku raba, za ku samu kusan 3.4. Ƙarin milimita biyu kawai, wanda da ƙyar ido zai bambance daga nesa, ya ninka ƙarfi fiye da uku, alhali nauyi sau biyu da kwata ya ƙaru. Wannan ne dalilin da ya sa masu ajin buzuzu da yawa suka bar milimita 4 suka koma 6 tun da motoci suka yi ƙarfi. Fensirin da ke hannunku kusan milimita 7 ne, don haka duk wannan gardama ana yin ta ne a kan ƙarfen da bai kai shi ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Sai batun inda yake karyewa. Mai sayar da rake ba ya kokawa da kara, ɗan sara yake yi masa da wuƙa, ya lanƙwasa, ya ɓalle a daidai wurin. Ƙarfe ma haka yake. Don taya ta kama, akan fafe gefe ɗaya na shaf ya yi shafal, a ɗaure ɗan sukuru a kai, wani lokaci a yanka masa siririn tsagi na maƙala zobe. Kowane ɗayan waɗannan saran mai rake ne. In kuka ga hoton karyayyen shaf, ku duba da kyau, sau da yawa a bakin tsagi ko inda fafewar ta ƙare ya rabu. Kuma ba lallai duka ɗaya ya karya shi ba. Ku lanƙwasa waya gaba da baya, za ta jure na farko da na biyar, ta tsinke a na ashirin. Shaf ɗin da ya ɗan karkace a wasan safe aka miƙe shi da guduma, yana iya cin amanar mai shi da yamma.

To me zai hana a sa ƙarfe mafi tauri? Maƙera sun daɗe da sanin amsar. Ƙusa tana da taushi, lanƙwashewa take yi. Magagari yana da tauri har yana cin wani ƙarfen, amma ka yar da shi da ƙarfi a kan siminti yana iya ɓallewa. Ƙarfen da ya yi ja a wuta aka tsoma shi a ruwa ko mai yana yin tauri, sai an sake ɗan gasa shi kafin ya daina saurin karyewa. Tsakiyar nan ake nema. Ni a ganina gara shaf ya lanƙwashe da ya ɓalle, domin mai ɗingishi yana iya kai wa ƙarshen minti uku alƙalai su yanke hukunci, wanda tayarsa ta fice kuwa sai dai ƙirge. Wasu kan yi amfani da titaniyom, wanda nauyinsa ya ɗan haura rabin na ƙarfe kuma yakan ɗan ba da kai ya dawo, sai dai tsada.

Dabarun masu ƙira

Mafi arha ita ce wadda na ƙi yi: matso da taya jikin boris, a yanke ragowar shaf. Ta fi haka kyau in aka tallafe shi ta gefe biyu, boris a ciki boris a waje, kamar yadda tayar keke ke zaune tsakanin ƙarafa biyu. Taya mai taushi ma na taimakawa. Da yawa a ajin buzuzu tayar soso suke sawa, makami ya yage ta ya wuce maimakon ya miƙa dukan gaba ɗaya ga shaf. Wasu kan kewaye tayoyin da wata roba mai danƙo da ake kira TPU, wadda suke fitarwa da na'urar buga abubuwa ta 3D.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce raba aiki. Sai a ɓoye moto da giya a tsakiyar jiki, a ɗaura taya a kan wata kakkaurar sanda da aka kafe a jikin robot wadda ba ta juyawa ko kaɗan, a haɗa su da bel mai haƙora. Shaf ɗin giya murɗawa kawai zai yi, duka kuma ya sauka a kan kafaffiyar sanda. Farashinta nauyi ne da fili, ga shi bel ma yana iya zamewa ko a yanke shi. Shi kansa moton sai an yi masa shiri: ana ƙara wa maganaɗisunsa gam mai ƙarfi don kada su ɓalle, ana kuma kare shi daga garin ƙarfen da ke ƙasan fage, wanda maganaɗisu ke zuƙowa ciki.

Gwajin shaf kuwa ba ya bukatar na'ura. A ciro shi, a mirgina shi a kan madubi. In ya tafi sumul lafiyarsa ƙalau, in yana tsalle-tsalle ya karkace. Namu da na mirgina, rawa ya yi sosai. Yana nan cikin gwangwanin kayan lissafina.

Bayan hutu muka sake tara kuɗi, muka sayi giya mai shaf milimita 6, na matso da taya har sai da takarda kawai ke iya shiga tsakaninta da jiki. Muka nufi ƙafar gadon nan da gangan, sau ɗaya, sau biyu, sau bakwai. Shaf ko gezau. A karo na takwas muka ji wani ƙaras daga ciki, moto na kuka, taya na tsaye. Da muka kwance akwatin giyar, haƙora biyu ne suka zubo a tafin hannuna, kowane bai kai ƙwayar gero ba. Yanzu muna neman bel.